Kawu Ilu da Kwangirin da Aka Tono a Maƙerarsa

Ranar Talata ce, da hantsi. Ina durƙushe a kan dogo, yamma kaɗan da tashar Gagarawa, ina ɗaure noti, sai na ji an yi mini sallama. Na ɗaga kai na ga Jauro Buba ne, Bafillacen da rugarsa ke bayan garinmu, sanda a wuya, ƙafafunsa sun yi furu-furu da tafiya. Mutumin da bai taɓa wuce ni bai ja ni da wasa ba, ran nan ko murmushi babu.

Ya ce, "Garba, sai haƙuri. Kawunka Ilu ya riga mu. Jiya da la'asar ne, an kai shi tun kafin magariba."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abokan aikina suka taru suna yi mini gaisuwa, helma, shugaban ƙungiyarmu ta leburori, ya ce in ajiye kayan aiki in tafi. Suka ga hawayena suka ce kai, yaron nan yana son kawunsa. Ina son sa, wannan gaskiya ne. Amma ba son kaɗai ya sa ni kuka ba, kuma abin da ya sa ni shi na zo in faɗa muku yau, ranar sadakar arba'in ɗinsa, a ƙofar gidansa. Na roƙi liman ya rubuta abin da zan ce, don a karanta wa waɗanda ba su zo ba.

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne. Ubana ya rasu ina ɗan shekara huɗu, Kawu ya zo da kansa ya saɓa ni a kafaɗa daga Maigatari har nan. Matarsa, Inna Gaje, ga ta can zaune, ita ta raine ni, ba ta taɓa bambanta ƙwaryata da ta 'yarta Hansatu ba. Da na girma ya koya mini ƙira, ya ba ni Hansatu, ya yanka mini wuri a cikin gidansa. Duk abin da hannuna ya iya, daga hannunsa ya fito.

Tsofaffin da ke nan sun san irin aikinsa. In manomi ya zo neman hauya, ba ya miƙa masa daga cikin waɗanda ke jingine. Sai ya ce masa tashi tsaye, ya dubi tsawonsa da faɗin kafaɗarsa, ya tambaye shi gonarsa jigawa ce ko fadama. Yakan ce mini, "Garba, kafin ka zuga wuta ka san hannun da zai riƙe abin." In damina ta faɗi kuwa, da sassafe sai ya bi gonaki yana kallon yadda hauyoyinsa ke cin ƙasa. In ya ga wata tana wahalar da mai ita, sai ya karɓe ta ya kawo maƙera ya sake mata baki, ba tare da an roƙe shi ba.

A shekarar babbar yunwa, mutane da yawa sun kai hauyarsu da garmarsu kasuwa sun musanya da hatsi. Da ruwa ya dawo, ga ƙasa ta jiƙa, ga hannu wofi. Kawu ya shiga ɗakinsa ya fito da mashi da takobin kakansa, da tsofaffin likkafu, da wata sarƙa da ya gada, ya zuba su a wuta. Kwana tara muna duka. Inna Gaje ta ce masa, "Malam, har takobin?" Ya ce, "Takobi ba ya shuka gero, Gaje." Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka ci tuwon shekarar da wannan ƙarfe. Bayan haka ne aka naɗa shi Sarkin Maƙeran ƙasar Sule Tankarkar.

A wancan zamani ƙarfe abu ne mai wuya. Ƙasarmu yashi ce, ba ta da tama, dutsen da ake narkawa a fid da ƙarfe. Kowace rani sai Kawu ya ɗaura wa jakuna mangala mu nufi wajen duwatsun Kazaure, wurin masu narka tama, mu yi kwanaki, mu dawo da dunƙulen ƙarfe baƙi mai kashi, wanda sai ya sha duka kafin ya yarda. Ƙusa ɗaya in ta faɗi a maƙera, ba a tashi sai an same ta.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano. Mu ba mu gan shi ba tukuna, amma mun ga abin da ya kawo. Fataken da ke kai fatu da gyaɗa Kano suka fara dawowa kasuwar Maigatari da sandunan ƙarfen Turawa, da guntayen da aka zubar a ma'aikatar jirgi, Buzaye na saye suna ɗora wa raƙuma zuwa Damagaram. Maƙera da yawa suka ce ƙarfen Nasara ne, ba albarka. Kawu bai ce haka ba. Ya sayi guntu ɗaya, ya sa a wuta, ya doka, ya tsoma a ruwa, ya gwada bakinsa a kan icen ƙirya. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Wanda ya narka wannan ya san wuta. Allah ya sa masa albarka ko a ina yake." Tun daga nan ya riƙa aiki da shi. Amma bai daina zuwa Kazaure ba, har lokacin da abokansa masu narka tama suka kashe wutarsu ɗaya bayan ɗaya, don ba mai saye. Ran da muka je muka tarar da rahoniyar narka tama ta abokinsa ta rushe, ciyawa ta fito a ciki, sai ya juya jakuna muka koma gida hannu wofi.

Abu guda ne bai taɓa sassautawa a kai ba. Duk wanda ya kawo masa ƙarfe, sai ya tambaye shi inda ya samo. In amsar ta yi masa kwana-kwana, sai ya ce, "Ɗauki abinka. Ba na dukan ƙarfen da ban san inda ya fito ba." Na ji wannan magana a bakinsa fiye da yadda zan iya tunawa. Ku riƙe ta, don ku san ban yi abin da na yi cikin rashin sani ba.

Shekara uku da suka wuce aka fara shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Nguru, aikin ya biyo ta Gagarawa. Aka ce kowane gari ya ba da leburori, sunana ya fito. A lokacin ni ba yaro ba ne, ina da mata da ɗa. Da helma ya gane ni maƙeri ne, ya cire ni daga ɗaukar ƙasa ya ba ni gyaran diga da shebur. A nan na ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a duniya ba. Ƙarfe tuli-tuli, a fili, rana na dukansa. Dogo a jere kamar itacen azara. Kwangiri, wato faffaɗan ƙarfen nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin dogo, an jibge shi ya fi bukka tsawo. Ni da na tashi ina rarrafe a ƙasa neman ƙusa ɗaya, sai na riƙa zagaya tulin nan ina shafawa, ina cewa a raina wannan guda ɗaya garma nawa ce.

Ba yunwa ce ta sa ni ba. Ba zan ce muku yunwa ce ba. So nake a ce Garba ya fi kawunsa. So nake in yi hauyar da za a yi zancenta a Maigatari.

Wata Jumma'a da azahar, mutane sun tafi masallaci, mai gadi ya fake a inuwa yana gyangyaɗi, na jawo kwangiri biyu na naɗe su cikin zana, na ɗora wa jakin da na ara, na ce wa helma zan je duba iyali. Washegari na iso nan. Na kwance zanar a gaban Kawu ina murmushi, na ce helma ne ya ba ni, sun lalace, ba a son su.

Kawu bai taɓa su ba. Ya sunkuya ya duba wannan gefe, ya duba wancan. Ya ce, "Garba, ina lalacewar?"

Na ce, "An dai ce ba a so, Kawu."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na hau naɗe zanar da na kwance.

Ya ce, "Gobe da asuba ka mayar da su inda ka ɗauko. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya, in bulala ce ka sha. Ni zan raka ka in kana so."

Na ce a'a, zan kai da kaina. Washegari shi ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, zai kwana uku. Ni kuwa ban mayar ba. Na shiga maƙerarsa, na zuga wutarsa, na sare kwangiri ɗaya na fid da hauyoyi. Ɗayan na binne shi a ƙarƙashin tulin gawayi a bayan rumfa. Ranar Alhamis na kai hauyoyin kasuwar Maigatari. Dillali ya ɗaga ɗaya ya ƙyanƙyasa, ya ce aikin wa ne. Na buɗe baki zan ce nawa ne, tsoro ya kama ni. Na ce, "Aikin maƙerar Ilu ne." Jin sunan, kafin azahar babu ko ɗaya. Na koma Gagarawa abina.

Da Kawu ya dawo ya ga gawayinsa ya ragu, ya tona, ya gani. Ya aiko mini sau biyu in zo. Sau biyu ina cewa aiki ya yi yawa.

Ashe kowane kwangiri yana da tambarin masu jirgi, kuma cikin gaggawa na bar rabin tambarin a bayan wata hauya. An riga an ƙirga kwangiri an ga babu biyu, an baza cigiya. Hauyar ta kai ga dillali, dillali ya ambaci sunan da na ba shi. Dogarai suka zo nan da rana tsaka, suka watsa gawayin, suka jawo kwangirin a gaban jama'a. Suka tasa Kawu a gaba, da rawaninsa, zuwa Gumel.

Inna Gaje ta aiko mini, na je. Ina nan tsaye a zauren alƙali, a cikin mutane, jingine da bango. Alƙalin dattijo ne, ya san Kawu tun da daɗewa, kuma kowa ya ga ba ya son wannan shari'a.

Ya ce, "Ilu, wa ya kawo maka ƙarfen nan?"

Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a maƙerata aka same shi."

"Na san inda aka same shi. Wa ya kawo?"

"A maƙerata aka same shi, kuma maƙerar tawa ce."

Alƙali ya ce, "To ka rantse ba ka san komai a kansa ba, in sallame ka."

Kawu ya ce, "Ba zan rantse ba, Allah ya gafarta Malam. Na sani."

Alƙali ya ɗaga kai ya dubi jama'a, ya ce, "Akwai wanda ke da abin faɗa a kan wannan magana?" Ya jira. Ya sake tambaya. Jama'a, tsakanina da Kawu bai fi taku biyar ba. Na tuna bulala, na tuna gidan yari, na tuna yadda za a riƙa nuna ni a tasha. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Kawu ya waiwayo, idonsa ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina ya wuce, bai tsaya ba ko na ƙiftawa, don kada wani ya lura.

Saboda tsufansa aka ɗauke masa bulala, aka yanke masa wata shida. Aka warware rawanin sarautarsa a nan gaban kowa.

Akwai abin da ban gani da idona ba, maƙerin da aka kira ya saka masa mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, shi ya gaya mini, kuma yana nan zaune. Shi ma Kawu ne ya koya masa aiki. Ya ce da aka kawo marin, Kawu ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Wannan ai aikina ne. Na ƙera shi shekarar da aka tara mu aikin fada." Maƙerin ya durƙusa, ya kasa dukan ƙusar. Kawu ya miƙa masa ƙafa ya ce, "Riƙe masaɓar da kyau. In hannunka na rawa ƙashina za ka samu. Doka sau uku ka hutar da ni."

Wata shida yana ciki. Inna Gaje na tafiya Gumel a ƙasa da ƙullin gari a ka. Hansatu na kuka tana ce mini, "Wane marar tsoron Allah ne ya binne wa Baba wannan abu?" Ni kuwa in ce mata ta yi haƙuri, Allah zai tona shi. Da bakina na faɗi haka, ba sau ɗaya ba.

Ya fito ƙafafunsa sun kumbura, marin ya bar masa miki a idon sawu wanda bai warke ba har ya koma ga Allah. Ya sake buɗe maƙera, amma ba ya iya daɗewa a zaune. Wasunku sun ci gaba da kawo masa aiki, Allah ya saka muku. Wasu sun koma wani wuri. A kasuwa an sa masa suna, ba sai na maimaita ba, kun san shi. Ya ji da kunnensa. Jauro Buba ya ce mini ran da wani ya faɗa masa a fuska, Kawu ya dube shi kawai ya ce, "Yaya hauyar da na yi maka bara, tana ci?"

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin magana. Na zo na same shi da yamma a rumfa, yana wanke mikin da ruwan bagaruwa. Na durƙusa na ce, "Kawu..." sai kuka ya ci ƙarfina.

Ya ce, "Miƙo mini tsumman can."

Na miƙa. Ya ɗaure ƙafar a hankali, sannan ya ce, "Na san abin da ya kawo ka. Tsakanina da kai babu komai, tun a zauren na yafe. Da an ɗaure ka, da sun kore ka daga aikin, 'yata da jikana su shiga wani hali. Ni na ci zamanina. Abin da na yi na yi shi ne da sanina."

Na ce, "To me zan yi, Kawu?"

Ya ce, "Ni ba ka da abin gaya mini, na riga na sani. Akwai waɗanda ba su sani ba. Ba zan tilasta ka ba, ba kuma zan faɗa da bakina ba. Amma ina so in ga ranar, Garba."

Na ce masa bayan kaka. Kaka ta wuce na ce bayan azumi. A tsakanin nan jirgi ya fara tsayawa a Gagarawa, aka kafa sikelin gyaɗa, 'yan kanti suka zo, aka tabbatar da ni a aikin gyaran dogo. Mutane suka fara ce mini Malam Garba na reluwe. Kullum in ce wa kaina sai na ƙara samun wurin zama tukuna. Yanzu ma tsofaffin kwangiri da aka cire ana sayar wa maƙera a fili, kowa ya saya ya ɗora wa jakinsa. Abin da na sa aka ɗaure Kawu a kansa, ga shi a kasuwa kamar itacen wuta. Shekara biyu yana jiran ranar da ya ce yana so ya gani. Bai gan ta ba.

Daren jiya ban iya ba, sai yau da safe na gaya wa Hansatu. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. Ta daɗe tana kallona kamar baƙo. Ta ce, "Kai ne kake ce mini Allah zai tona shi?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ba a ɗaki za ka faɗa ba. A gaban mutane aka warware wa ubana rawani. Ka je ƙofar gidansa ka faɗa, da rana." Ta ɗauki yaro ta koma wajen Inna. Ko za ta dawo, ko ba za ta dawo ba, ban tambaye ta ba, ba ni da bakin tambaya.

To ga shi na faɗa. Ni Garba, ɗan ƙanwarsa, mijin 'yarsa, ni na ɗauko kwangirin, ni na sare shi, ni na binne sauran, ni na sayar da sunansa a Maigatari, ni na yi shiru a gaban alƙali. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Gumel in maimaita a zauren da na yi shirun. Abin da aka yanke mini zan ɗauka. Inna, ban ce ki yafe mini yau ba. Na dai durƙusa a gabanki.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ilu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha a ƙafafunsa ya zama kankarar zunubansa. Ka saka masa da kowace hauyar da ta ciyar da gida, da kowane marayan da ya ɗauka, har da wanda bai cancanta ba. Ka ba Inna Gaje haƙuri da lafiya, ka sanyaya zuciyar Hansatu, ka raya jikokinsa a kan halinsa, kada ka sa su gado nawa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, ka kyautata namu ƙarshen in tamu ta zo.

Ku kuma jama'a, roƙona ɗaya ne. Ranar Alhamis in kun je kasuwa, duk inda kuka taɓa jin an kira shi da sunan nan, ku tsaya a wurin ku faɗi abin da kuka ji yau. Allah ya jiƙan Sarkin Maƙera Ilu. Bai taɓa ɗaukar ƙarfen kowa ba.